Wuta Ba Ta da Ciki

Sana'ata babbaka. Kai da ƙafa da ganda, a bayan kasuwar shanu ta Wudil. Na fi shekara talatin ina tsaye a kan wuta. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Sunana Habu. Ina da ƙane guda ɗaya, Lawan, kuma yana tari. Tarin nan shi ya sa na buɗe baki, don ni ba mai yawan magana ba ne.

Abin da na sani game da wuta, a wurin kakarmu na fara jin sa. Inna Kande, mahaifiyar babanmu. A Kausani muka tashi, a gabanta. Gajeruwa ce, baƙa, tafin hannunta kamar bayan kasko. Sabulun salo take yi. Ta ƙona karan gero, ta zuba tokar a tukunya mai huda a gindi, ta tsiyaye ruwan, ta dafa shi da mai har ya kama jikinsa. Ba ta zubar da komai. Tokar da aka tace ta tafi gona. Busasshiya ta shiga cikin wake don ƙwari. Baƙin gindin tukunya ta kankare ta aika wa liman ya yi tawada. In ka share murhunta ka kai juji, ranar za ka san kana da kunne.

Da an idar da magariba muke zama. Tukunyar sabulu na kan wuta, tana juyawa, mu muna tsugune muna miƙa ƙirare. Ba ta kai mu dare. Ana kiran isha'i take kore mu. Ni take kira maigida, Lawan kuma ango.

"Maigida, matso mana. Ka tsaya can ƙerere kamar an hana ka tuwo. In ba ka iya hura wuta ba ka faɗa, in sake ka in zauna da ango. Shi ko ba komai yana da kumatu."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Sai ta buga muciya a dutsen murhu sau uku, ta ce, "Na ɗauko ta da zafinta. Wa zai karɓa?" Mu ce, "Sauke ta nan, Inna." Ta ba mu da yawa, na manta rabinsu. Guda ɗaya ce ban manta ba, saboda ranar da ta ba mu ita.

Ina da kamar shekara tara, Lawan shida. An gama girbi, Baba ya cika rumbu. Da rana tsaka wasu masu neman gafiya suka sa wa ciyawa wuta a bayan gari, iska ta koro ta har dangarmu. Kafin a ɗebo ruwa rumbu ya kama. Abincin shekara. Ina kallo ya durƙushe.

Mutane suka cika gidan suna jaje. Baba ya zauna a kan turmi, hannu biyu a ka. Bai yi kuka ba. Abu ɗaya yake ta maimaitawa: "Shi ke nan. Komai ya tafi."

Inna ta yi salati tare da kowa. Ta ce Allah ya sa hakan ya fi alheri. Sannan ta dubi ɗanta ta ce, "Ya tafi ina?"

Aka ɗauka ruɗewa ce. Wata maƙwabciya ta ɗauko tsintsiya za ta taimaka da shara, Inna ta riƙe mata hannu. "Kada wanda ya taɓa mini tokar nan."

Da yamma aka aiko mana da kunu daga maƙwabta. Muka sha. Gidan duk warin ƙauri. Na ɗauka yau babu zama, sai na ji muciya ta bugi dutse sau uku. Baba yana zaure, na san yana ji.

Ta ce an yi wata mata, Hanne, mijinta ya rasu, ita ke noma da kanta. Mace mai taurin kai. Ta samu dami goma na gero, wuta ta tashi ta cinye. Mutane suka ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙuri ta yi shi tun jiya, yau bin sawu za ta yi. Ta ɗaure ɗamara ta tafi gaban alƙali ta ce ta kawo ƙarar Wuta.

Alƙali ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Amma ƙara ƙara ce. Ya aika a zo da Wuta. Aka kawo ta a kasko, yadda ake ɗebo ta daga maƙwabta da safe.

Inna ta siranta murya, ta yi maganar Wuta. "Allah ya gafarta malam, a dube ni da kyau. Ina cikina? A ina zan zuba dami goma? An taɓa ganin na yi ƙiba? Ni da na gama aiki mutuwa nake yi. Ba na ci. Kwancewa nake yi. Abin da aka ɗaure wuri ɗaya na kwance, kowa ya ɗauki nasa. A tambayi Toka."

Aka kira Toka. Ta zo cikin kwando ɗaya, ta ce ga abin da aka bar mata, ba ta taɓa ko ƙwaya ba. Hanne ta ɗaga kwandon da hannu ɗaya. Ta ce, "Geron nan sawu biyar jaki ya yi kafin ya kwaso shi. Wannan ko akuya ta ɗauka. Ina sauran?" Toka ta ce a tambayi Hayaƙi.

Aka kira Hayaƙi. Ya shigo, alƙali ya kama tari. A nan Inna takan yi tarin sosai, har da riƙe ƙirji, mu yi ta dariya. Ranar ma mun yi, da yunwarmu. Hayaƙi ya ce shi ɗan dako ne. Ya ajiye kaɗan a jikin bango, kaɗan a ganyen darbejiya, kaɗan a hancin masu kashe gobara. Mafi yawa ya miƙa wa Iska.

Aka kira Iska. Ba wanda ya ga shigowarta, sai dai takardun alƙali suka motsa. Ta ce, "Yana wurina. Har da nawa da Wuta ta haɗa da shi, don ba ta iya aiki sai na sa hannu. Ku kife mata tukunya ku gani in za ta rayu."

A nan Inna ta janyo garwashi ɗaya ta kife shi da murfi. Da ta buɗe ya yi baƙi. Ta ce, "Kun gani? Ba sharri aka yi mata ba."

Hanne ta ce wa Iska, "To, ba ni abina." Iska ta ce, "Ba na bai wa mutum a hannu. Ganye nake ba wa, kaɗan kaɗan, in rana ta fito. In kina son abinki, tsayar mini da ganye." Hanne ta ɗauki kwandon tokarta ta watsa a gona. Ta roƙi iri ta shuka. Ruwa ya sauka. Ganye ya fito ya buɗe hannu, kullum yana karɓa. Da aka yi girbi ta ɗaure dami goma sha ɗaya.

Na ce, "Inna, ɗayan fa?"

"Na wani rago ne da ya zauna yana cewa komai ya tafi."

Ta faɗe shi da ƙarfi, don a ji a zaure.

Lawan ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce, "Inna, namu ma yana wurin Iska?"

"Yana bisa kanka yanzu haka, ango. Jira yake."

Ya yi murmushi, ya kwantar da kai a cinyarta. Kafin ta sake juya tukunya barci ya ɗauke shi. Haka yake kullum, ba ya kai ƙarshen labari. Saboda haka ni kaɗai na ji sauran.

Ta ce Hanne tana da maƙwabci, mugun mutum. Ya haɗa dafi cikin ƙunshi zai cuci wani, sai ya ji ana bincike gida gida. Ya ce bari ya ba Wuta ta cinye, magana ta ƙare. Ya rufe ƙofa, ya ƙona a tsakar gidansa. Da safe ya kasa tashi, 'ya'yansa ma haka. Ya ce da Iska, "Me na yi miki? Ai na ƙona shi." Iska ta ce, "Ni ba na zaɓe. Abin da aka ba ni shi nake rabawa. Kuma na kusa nake fara ba wa."

Aka kira isha'i. Ta ajiye muciya ta ce, "Ta huce. Tashi ka wanke ƙafa, ka ɗauki kishiyarka ta maza ka kai shi shimfiɗa."

Washegari ta sa mu jidar toka. Kwana uku muna kai wa gona a kwanduna, ita a gaba. Mutane na zaune a gindin bishiya suna kallo. Wani ya ce, "Kande, tuwon toka za a yi bana?" Ta ce, "In ya nuna zan aiko maka, ka ci ka yi hankali." A rana ta biyu Baba ya tashi daga kan turmi ya ɗauki kwando.

Ba zan yi ƙarya ba. Tatsuniya ba ta cika ciki. Shekarar nan mun ci tafasa, mun ci dusa, Baba ya yi ƙwadago a gonakin mutanen da a da shi ke ba su iri. Amma da damina ta zauna, inda muka zuba tokar nan ya fi ko'ina duhun ganye. Inna ta tsaya a kunya ta kama zangarniya ɗaya ta ce, "Sannu da dawowa." Ban ce geron da ya ƙone ne ba. Ita ta ce shi ne, kuma ba wanda ya iya ja da ita.

Ta rasu ina saurayi. Gona ta yi mana kaɗan, na shigo Wudil neman abin yi. Na faɗa babbaka a filin wani mutum, Alhaji Mamuda, wanda yake sayen kawuna da fatu a wurin mahauta, mu mu babbake mu kankare. A wancan lokacin, da karan dawa da itace ake yi. Da na zauna da gindina na koma gida na ɗauko Lawan. Ni na kawo shi. Wannan ba na mantawa.

Daga baya itace ya yi wuya. Wani ya zo da tsohuwar taya daga wurin masu faci. Aka gwada. Wutarta ba ta wasa. Aikin da kara zai yi tun safe har hantsi, taya ta gama kafin ka sha ruwa. Kowa ya koma taya. Ni ma na koma, shekaru. Hayaƙin baƙi ƙirin, mai kauri, in ya turnuƙe ba ka ganin na gefenka. In an tashi aiki kowa ya sayi madarar gwangwani ya kwankwaɗa. Haka muka yarda da shi, wai madara tana wanke ƙirji. Ba wanda ya tsaya ya ce madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa wata hanya yake bi.

Lawan ya fi ni zafin hannu, don haka shi ke bakin ramin wuta, ni ina wajen kankara. Tarin ya fara kamar mura. Ya ƙi tafiya. Ya fara tsayawa hutu in zai hau gadar kogi, mutumin da yake ɗaukar kan bijimi biyu a kafaɗa. Wata asuba muna alwala a ƙofar masallaci ya yi kaki ya tofar a kan yashi. Na haska. Baƙi ne kamar abin da Inna take aika wa liman.

Na ce, "Lawan, ka bar tayar nan."

Ya ce, "Yaya ke nan. Hayaƙi ne fa. Iska ta kwashe."

"Ta kai ina?"

"Oho. Sama. Taya ta ƙone ta wuce, me ya rage? Waya. Ka ga wani abu ban da wayar ƙarfen da ke cikinta?"

"Na gani yanzu a kan yashi."

Ya sa ƙafa ya rufe. Ya ce yana da 'ya'ya biyar, kara ba zai ciyar da su ba. Ya ce zai ƙara madara.

Na sami Alhaji Mamuda. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali, na tambayi gajiya. Na ce a bar ni da ƙanina mu koma kara a ramin gefe. Ya ce, "Habu, tsufa ne ya fara kama ka? Kowa na gudu kai za ka koma rarrafe? Wuta tana cinye dattin komai. Abin da ya shiga wuta ya tsarkaka." Na ce wuta ba ta da ciki. Ya dube ni kamar na zare.

Ni ba na iya gardama. Baki ba ya yi mini aiki. Sai na yi abin da na iya.

Ranar kasuwa, wuri ya cika, masu saye sun yi layi. Na ɗauki tayar ƙaramar mota na ɗora a sikelin da ake auna nama. Na kira mai sikelin na ce ya faɗa da ƙarfi. Ya ce, "Kilo tara." Na shimfiɗa fallen kwano a ƙasa don kada komai ya zube. Na ɗora tayar na kunna mata wuta. Ban sa nama ba. Na koma gefe na naɗe hannu.

Aka fara. "Habu ya samu taɓi." "Kai, wa ya taɓa gasa iska?" "A kira masa mai ruƙiyya." Lawan ya zo ya ja rigata, ya ce, "Yaya, don Allah, mutane na kallo." Na ce shi nake so.

Ta ɗauki lokaci. Da ta mutu ta huce, na tattara duk abin da ke kan kwanon, waya da baƙin gari, ban bar ko ƙwaya ba. Na zuba a buhu na ɗora a sikeli. Mai sikeli ya duba ya sake dubawa. Ya ce, "Biyu da ɗan abu."

Na ce, "Ina bakwai?"

Wani ya ce, "Ta ƙone mana!"

"Na ji. Ta ƙone ta tafi ina? Kilo bakwai. In naman kilo bakwai ya ɓace a kan teburin nan, har yamma ana rantse-rantse. Wannan ya ɓace a gabanku, ba mai tambaya?"

Na ɗauki farin ƙyalle na goga a jikin ƙafar sa da aka babbake da safen nan, na ɗaga. Na goga a katangar filin, na ɗaga. Sannan na je gaban ƙanina. Ban goga ba. Na miƙa masa na ce, "Yi tari a nan." Ya ƙi karɓa. Amma tarin bai nemi izininsa ba, ya zo da kansa, ya durƙusar da shi a gaban jama'a.

Akwai wani a layin, Malam Nasiru, yana koyarwa a makarantar sakandare. Matarsa ta haihu, ya zo sayen ƙafafun da za a yi wa mai jego ƙauri. Ya matso ya ce, "Malam Habu, wa ya koya maka wannan?" Na ce kakata. Ya ce abin da suke koya wa ɗalibai ke nan. Ya ce in aka ƙona abu a cikin kwalba rufaffiya, aka auna kafin da bayan, nauyin ɗaya ne, ba ragi ba ƙari. Kama ce take sauyawa, abin yana nan. Ya ce abin da ya tashi daga tayar nan ma ya fi kilo bakwai, don wani sashe na iska ya haɗu da shi wajen ƙonewa.

Na ce, "Ta faɗi wannan ma."

Ya dubi ƙafafun da aka ɗaure masa. Ya dubi ƙyallen. Ya ajiye su a kan tebur a hankali ya ce a yi haƙuri. Mata biyu a bayansa suka juya. Shi ke nan wurin ya hargitse.

Alhaji Mamuda ya zo yana haki, babbar riga a kafaɗa. "Ka ɓata mini kasuwa a ranar kasuwa! Shekara nawa kana ci a filin nan?"

Na ce, "Da yawa, Alhaji. Na gode. Mun ci, mun kuma shaƙa."

"Kwashe wuƙaƙenka. Kada in sake ganin ƙafarka."

Na kwashe. Na ɗauki wayar tayar nan ma. Na tsaya a bakin fili ina jiran Lawan. Bai taso ba. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, ka tona mana asiri." Ya koma bakin rami.

Korar ba ta dame ni ba. Na ga rumbu ya durƙushe ina ɗan shekara tara, fili ba zai ba ni tsoro ba. Abin da ya dame ni, na yi duk wannan don mutum ɗaya, kuma shi ne bai ji ba.

Na haƙa ramina can gefen hanyar kogi, inda iska ke fitowa kafin ta kai filinsu. Na koma karan dawa. Ina sayen kai ɗaya, biyu, in yi a hankali. Kara ma yana hayaƙi, ban ce ba ya yi ba, na kan tsaya ta bayan iska. Amma na san abin da ke cikinsa, a gona ya fito. Aka sa mini suna Alƙalin Hayaƙi. In na wuce a ce, "Allah ya gafarta malam, yau wa aka ɗaure?" In ce, "Ku dai ci gaba da shan madara." Akwai ranakun da na koma gida hannu wofi. Matata ta yi magana, ta gaji ta bari.

Wata huɗu Lawan bai zo ba. Sai matarsa ta aiko cewa kwana uku bai fita ba. Na je bayan magariba. Yana kwance a tabarma a tsakar gida, ya rame, gwangwanin madara a gefensa. Ana dafa tuwo. Muka gaisa kamar baƙi. Ban san me zan ce ba, na riga na faɗi duk abin da na iya.

Muciya tana jingine a bango. Na ɗauka na bugi dutsen murhu sau uku.

Ya buɗe ido. Can ya ce, da muryar da ta dushe, "Sauke ta nan."

Ina farawa ya ce ya san ta, ta Hanne ce mai dami goma sha ɗaya. Na ce wannan rabi ne. Na ba shi sauran. Maƙwabcin, da ƙunshin dafi, da ƙofar da ya rufe. Ban iya muryoyi ba, na faɗe shi a tsaye kamar saƙo. Na kai inda Iska ta ce ba ta zaɓe, kuma na kusa take fara ba wa.

Ya ce, "Inna ba ta taɓa faɗin wannan ba."

"Ta faɗa. Kana barci kana jiƙa mata zani da yawu."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Ƙaramar 'yarsa ta kawo masa ruwa. Ya bi ta da kallo. Kullum ita ke kai masa abinci bakin rami, ta zauna har ya gama. Ita ma ta ɗan yi tari a lokacin, ƙarami, irin wanda ba a kulawa. Mu biyu muka ji.

Na kai shi asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya tambayi sana'arsa, ya girgiza kai. Ya ba da magani. Ya ce abin da ya riga ya zauna ba duka zai fita ba, amma kada a ƙara. Ban yi mamaki ba. Abu ba ya ɓacewa don an gaji da shi.

Bayan sati biyu, da hantsi, ina hura wuta sai na ga inuwa a kaina. Lawan ne, wuƙarsa naɗe a tsumma. Bai yi bayani ba, ban nema ba. Ya dubi wutar ya ce, "Har yanzu ba ka iya hurawa ba. Da gaskiyar Inna." Na ce, "Zauna can bayan iska, ango. Kankara za ka yi."

Yau shekara uku ke nan. A can filin har gobe taya suke ƙonawa, ina hango baƙin yana tashi. Ban hana kowa ba, ba ni da iko. Mutum biyu sun dawo wajenmu. Masu jego sun san hanya, Malam Nasiru ne ya fara nuna musu. Ba mu yi arziki ba. Muna ci.

Da ina yaro na ɗauka Inna ta ba mu labarin nan ne don ta kwantar mana da hankali. Yanzu na san ba lallashi take yi ba, ba halinta ba ne. Faɗa take yi, da ɗanta, da gari, da duk mai cewa abu ya wuce don ya daina ganinsa. Abin kirki in ya ƙone yana nan, ka tashi ka bi sawunsa. Mugun abu in ya ƙone shi ma yana nan, shi zai bi naka. Tokar raminmu ba na zubarwa. Duk ƙarshen wata nakan aika da buhu Kausani a watsa a gonar nan.

Wayar tayar tana rataye a kan sandar rumfata. Ta yi tsatsa. Baƙi sukan tambaya ta mece ce. Nakan ce biyu ce cikin tara. In suka ce ina bakwai, ba na amsawa. Wani kaso dai na san inda yake. Yana zaune a bayana, yana kankare ganda, yana numfashi a hankali.